RA'AYINMU: A Killace Kufan Tashoshin Jirgi Kafin Masu Tono Su Riga Mu

Jirgin ƙasa bai taɓa tsayawa a Dutsin-Ma ba, bai kuma taɓa ratsa ƙasar Kurfi ba. Duk wanda ya tashi a yankin Zobe ya san haka. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan mai karatu ya tambaya, ina ruwan mutanen wannan yanki da zancen tsofaffin tashoshin jirgi, balle wata na'ura da ake yawo da ita ana neman tsohon ƙarfe a cikin ƙasa?

Ruwansu kuwa babba ne. Audugar da aka tsinka a ƙasar Dutsin-Ma da gyadar da aka ɓare a ƙasar Kurfi, a kan jakuna da raƙuma aka riƙa kai su Funtuwa ko Kano, daga baya kuma a manyan motoci. A can aka aza su a sikeli, aka loda su cikin tarago, aka nufi bakin teku da su. Kuɗin da ya dawo, da shi aka biya haraji, aka yi aure, aka sa yara makaranta. Samarin da suka tafi cin rani kuwa, da yawansu a bakin waɗannan tashoshi suka yi dako. Ashe wani yanki na tarihin Zobe yana can kwance ƙarƙashin ƙurar Funtuwa.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana yau shi ne, wasu al'amura sun haɗu a lokaci guda. Tsofaffin tashoshi da dama sun zama kufai. Na'urar gano ƙarfe ta shigo hannun jama'a ta hanyar neman zinariya. Cinikin tsohon ƙarfe kuma ya yi ƙarfi har ta kai ana ɓamɓare layin dogo da dare, kamar yadda Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ta sha kokawa. Mu a ganinmu, idan hukuma ba ta tsara yadda za a yi da abin da ke binne a waɗannan wurare ba, za a wayi gari an kwashe shi ƙaf ba tare da an rubuta ko layi ɗaya a kansa ba.

NA'URAR DA INDA TA FITO

Ita wannan na'ura sanda ce mai faifai a bakinta, kamar murfin tukunya. A cikin faifan akwai waya a naɗe wadda batir ke ba wuta, wutar kuma ta haddasa ƙarfin maganaɗisu wanda ke ratsa ƙasa. Idan ya gamu da ƙarfe, sai ƙarfen ya mayar da amsa, na'urar ta yi ƙara a kunnen mai riƙe da ita. Ta yau da kullum tana iya jin kwabo a zurfin taƙi ɗaya ko fiye da haka kaɗan, masu tsada kuma suna iya rarrabe baƙin ƙarfe da tagulla ko azurfa.

A Yaƙin Duniya na Biyu ta fara suna, sa'ad da sojojin Ingila suka yi amfani da ita wajen gano nakiyoyin da aka binne a hamadar Masar a 1942. Bayan yaƙi ta shiga hannun farar hula, kuma daga wajen shekarun 1970 neman tsofaffin kaya da ita ya zama abin sha'awa a Ingila da Amurka, kamar yadda wani ke sha'awar farauta ko kamun kifi. Masu wannan sha'awa sun lura cewa duk inda jama'a suka daɗe suna taruwa suna biyan kuɗi, to akwai abin da suka yar. Tashar jirgi na kan gaba a irin waɗannan wurare. Ingila kuwa tana da su birjik, domin rahoton Dokta Beeching na 1963 ya ba da shawarar rufe tashoshi fiye da 2,000, kuma an rufe mafi yawansu.

A ƙasashenmu ta wata ƙofa dabam na'urar ta shigo. A 2014 aka gano zinariya a Jado, can arewacin Jamhuriyar Nijar, dubban mutane suka kwarara, cikinsu har da samarin ƙasar Hausa, kuma da wannan na'ura aka riƙa share hamada. A 2017 gwamnatin Nijar ta rufe wurin, amma na'urorin ba su ɓace ba, waɗanda suka koyi aiki da su ma suna nan. Wanda ya ci bashi ya sayi na'ura ba zai jingine ta a ɗaki ba. Idan zinariya ta ƙi, zai gwada kufai. A cikin kufai kuwa babu mai sauƙin shiga kamar tsohuwar tasha, domin tana bakin hanya, sau da yawa ba shinge ba mai gadi.

TASHOSHIN DA AKE MAGANA

Babban layin dogo na farko a Arewa shi ne wanda ya taso daga Baro a bakin Kogin Kwara, aka fara shi a zamanin Gwamna Girouard, ya iso Kano a 1911. Ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa ɗibar talakawa zuwa aikin diga, kuma ba kowa ne ya tafi da son ransa ba. Daga Zariya aka fitar da ƙaramin layi zuwa ƙasar kuza, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama da Jengre, ya kai Jos a 1914. Daga Zariyar kuma aka ja wani ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. A 1930 na Kano ya isa Nguru.

Duk inda jirgi ya tsaya, gari ya tashi. Kamfanoni suka kafa kantuna, aka buɗe fulotin gyada da na auduga, aka gina injin gurzar auduga, baƙi daga Kudu suka zo aikin reluwe suka zauna. Funtuwa ita ce babbar shaida a Jihar Katsina, domin jirgi da auduga ne suka ɗaga ta ta zama babban gari.

Mutuwar tashoshin ma ba yau ta fara ba. A 1957 aka rufe ƙaramin layin Zariya zuwa Jos, shekara biyu kacal bayan kafa Hukumar Jiragen Ƙasa a 1955. Wasu daga cikin kawunan jiragensa suna ajiye a gidan tarihi na Jos, amma tashoshinsa na kan hanya sun koma gonaki da gidaje. Sauran layukan suka bi baya sannu a hankali. Fari na 1973 da cutar da ta faɗa wa gyada a 1975 suka rushe dalar gyada, manyan motoci kuma suka ƙwace sauran kayan da jirgi ke ɗauka.

Wani na iya cewa ai jirgin ƙasa na dawowa. Gaskiya ne, amma ba ta tsohuwar hanya yake dawowa ba. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, sababbin layuka ne masu faɗi, da sababbin tashoshinsu. Wato ke nan yawancin tsofaffin ƙananan tashoshi ba su da wani jirgi da suke jira.

ME KE CIKIN ƘASAR?

Wanda ya ɗauki na'ura ya shiga irin wannan wuri, abin da zai fi samu shi ne tsofaffin kuɗi: anini, da ɗari, da kwabo mai huda, da taro, da sisi, da sule. Ɗalibanmu na yau ba su kashe ko ɗaya daga ciki ba, tun da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule ran 1 ga Janairu, 1973. Amma kowannensu na da labari. Aninin farko, wanda aka buga a 1907, da alminiyam aka yi shi, kuma yana cikin kuɗin alminiyam na farko da aka kashe a duniya. A jikinsa akwai tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci, domin Turawa sun san da wane rubutu mutanen Arewa suka saba. Akwai kuma kwabon 1936 mai ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda bai cika shekara a gadon sarautar Ingila ba. A Ingila kanta ba a fitar da kuɗi da sunansa ba, amma a nan Afirka ta Yamma an kashe shi a kasuwa.

Bayan kuɗi akwai maɓallan rigunan ma'aikata, da makullai, da ɓaraguzan fitilun hannu, da faranta na tagulla masu lamba, da duwatsun awo na sikeli, da bakin diga da shebur.

A nan ya kamata mu gaya wa matasa gaskiya. Waɗannan kuɗi miliyoyinsu aka buga, saboda haka yawancinsu ba su da wata daraja ta a-zo-a-gani a kasuwar masu tara sulalla. Wanda ya yi wata yana tono da fatan arziki, abin da zai tashi da shi bai wuce cikin gwangwani ba, ƙarshenta kuma a kan sikelin 'yan gwangwan za a auna shi da kilo, a narke.

Darajar kayan tana ga wurin da aka same su. Dutsen awo da aka tsinta a daidai inda sikelin fuloti ya tsaya, idan aka sake auna shi aka ga bai dace da lambar da ke jikinsa ba, ya zama shaida a kan tsohon kukan manoma cewa ana tauye su. Wuri da anini da aka samu gauraye a zurfi ɗaya suna iya nuna tsawon lokacin da talaka ya ci gaba da ciniki da wuri bayan Bature ya kawo kuɗinsa. Katangar tukwane da lofe da murhu a bayan tasha suna iya nuna inda sansanin leburori ya zauna, da irin abincinsu, har da ƙasar da suka fito. Takardun da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna, Razdan ne da Di'o da injiniya suka rubuta su. Leburan da ya sari ƙasa da ɗan dakon da ya ɗauki buhu ba su bar takarda ba. Abin da suka yar shi ne kaɗai rubutunsu.

To, ga inda matsalar take. Na'ura ƙarfe kawai take ji. Ba ta jin wuri, ko tsakiya, ko katanga, ko gawayi, ko ƙashi. Mai tono na bin ƙara, ya huda rami, ya ciro ƙarfensa, ya watsar da sauran, ya cakuɗa ƙasar sama da ta ƙasa. Bayan ya tafi, ko babban masani ya zo ba abin da zai iya karantawa.

DARASI BIYU DAGA GIDA

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A Durɓi ta Kusheyi, cikin ƙasar Mani, Razdan Palmer ya tone wasu daga cikin tuddan a 1907, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. A 1992 aka sake tono tare da masana daga Jamus, aka sami kayan ado na zinariya da tasoshin tagulla da duwatsun wuya da wuri, aka kai su birnin Mainz aka gyara, aka nazarce su. Domin an san kabarin da kowane abu ya fito da abin da ke kusa da shi, an iya gane cewa wasunsu sun kai wajen ƙarni na 14, kuma tun a wancan zamani ƙasar Katsina na da hulɗar ciniki da ƙasashe masu nisa. Wannan ilimi ya shiga littafi, ɗalibi na iya karantawa.

Sai a kwatanta da abin da ya faru a shekarun 1990, lokacin da masu tono suka far wa kufan Nok da na Kwatarkwashi da wasu wurare a ƙasar Katsina, suka kwashe mutum-mutumin yumɓu masu ɗimbin yawa, dillalai suka fitar da su. Ɓarnar ta kai ga a 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa kayan Nok da Sakkwato da Katsina cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin sata. A wannan shekarar ce aka baje uku daga cikin irinsu a gidan tarihi na Louvre a Faris, sai a 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Yau akwai kayan da ake kira na Katsina a manyan biranen Turai, alhali ba a san ramin da suka fito ba. Talakan da ya yi tonon an sallame shi da abin da bai taka kara ya karya ba, dillali ya yi arziki, jiha kuma ta yi asarar da ba ta da magani.

Waccan ɓarna da diga da shebur kawai aka yi ta. Yanzu ga na'ura ta zo.

ABIN DA DOKA TA CE

Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta hana kowa yin tono don neman kayan tarihi sai da izinin hukumar. Ta wajabta kai rahoton abin da aka gano, ta hana saye da sayarwa sai ta hannun wanda aka amince da shi, ta kuma hana fitar da kaya waje ba da takarda ba. Filin tasha kuma, ko jirgi ya daina tsayawa, yana nan a matsayin mallakar Hukumar Jiragen Ƙasa. Wanda ya shiga ya yi tono ba izini ya shiga haƙƙin hukuma.

Sai dai dokar ta tsufa. Da nairar 1979 aka auna tarar da ke cikinta. Hankalinta ya fi karkata ga kayan fasahar gida waɗanda aka yi kafin 1918, saboda haka kwabon 1936 ko farantin tarago da aka ƙera a Ingila, matsayinsu bai fito fili ba. Ba ta tanadi komai musamman game da na'urar gano ƙarfe ba. Abin da ya fi damunmu shi ne, talakan da ya tsinci wani abu bai ga ribar kai rahoto ba. Abin da yake tsoro shi ne a karɓe kayan, a kuma tsare shi. Muddin ɓoyewa ta fi bayyanawa amfani, ɓoyewa za a yi.

Ingila ta sha fama da wannan matsala kafin ta sami mafita. Dokarta ta 1996 ta wajabta wa wanda ya tsinci taska ya kai rahoto cikin kwana 14. Idan gidan tarihi na son kayan, sai kwamiti ya yi musu kuɗi, a biya, a raba tsakanin mai tsintuwa da mai fili. A 1997 kuma aka kafa wani shiri na rubuta ƙananan tsintuwa, inda jami'i ke duba abu, ya ɗauki hotonsa, ya rubuta inda aka same shi, ya mayar wa mai shi. Ta wannan hanya an rubuta kaya fiye da miliyan ɗaya. A 2009 wani mai na'ura ya ci karo da taska a wata gona a lardin Staffordshire, mai ɗauke da zinariya fiye da kilo 5. Ya kai rahoto, masana suka zo suka ƙarasa tonon, aka yi wa taskar kuɗi fam miliyan 3 da dubu 285, shi da mai gonar suka raba, kayan kuma suna gidajen tarihi inda kowa ke iya gani. Duk da haka, a can ma laifi ne a shiga da na'ura wurin da aka killace ba da izini ba, kuma har yanzu suna da ɓarayin dare. Ba mu ce a kwafo tsarinsu dungurungum ba. Abin koyi a ciki shi ne, sun sa mai gaskiya ya fi mai ɓoyo samun riba.

MASU CEWA BA YANZU BA

Mun san akwai masu cewa, ana fama da 'yan bindiga a Safana da Batsari da Ɗanmusa, da Kurfi da Dutsin-Ma kansu, ga tsadar abinci, wa ke da lokacin anini? Wannan magana tana da nauyi, ba kuma za mu raina ta ba. Rai ya fi kufai, kuma ba mu nemi a ɗebe ko sisi daga kuɗin tsaro ko na asibiti ba.

Amma a lura da abu biyu. Na ɗaya, rashin tsaro shi ne babban abokin mai tonon sata, domin inda jami'i ba ya zuwa, nan dillali ke aika yaransa. Abin da haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba ta jawo wa Zamfara, tun daga gubar dalma ta 2010 wadda ta kashe yara fiye da 400, ya isa ya nuna cewa tonon da ba mai sa ido a kansa ba ya tsayawa inda ya fara. Na biyu, yawancin abin da muke nema aikin takarda ne da alƙalami, da ma'aikatan da tuni suna karɓar albashi.

Mutanen Zobe sun san jira. A 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka gama madatsar ruwan da ke kan Kogin Karaɗuwa, amma sai a Yulin 2021 aka ƙaddamar da kashin farko na aikin ruwan shan da aka daɗe ana sa rai, wato bayan shekara 38. Ruwa ya iya jira domin kowace damina tana sabunta shi. Kufai kuwa sau ɗaya ake tone shi.

Kada kuma a ɗauka cewa rashin layin dogo ya tsirar da yankin. Wanda ya gama da tasha zai juyo kan tsofaffin fulotai da barikoki da kasuwannin da suka tashi, daga nan sai tsofaffin garuruwa irin su Karofi da Birci da gindin duwatsun da mutanen da suka zauna. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina wanda ya fito a 1981, ya nuna cewa ba a cikin birni kaɗai tarihin ƙasar yake ba, yana warwatse a garuruwa da ƙauyuka. Mafi yawan wannan tarihi har yanzu yana ƙarƙashin ƙasa.

KIRANMU

Da farko, muna kira ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina ta haɗa kai da Hukumar Jiragen Ƙasa da gidan tarihi na ƙasa da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, su ƙidaya abin da ya rage. A bi layin da ya ratsa kudancin jihar, a rubuta kowace tasha da rumbun kaya da gidan ma'aikata da tankin ruwa, a ɗauki hoto, a zana taswira. Haka kuma a yi wa tsofaffin fulotai da barikoki a sauran ƙananan hukumomi. Abin da ba a ƙidaya ba, ba a sanin ranar da ya ɓace.

Na biyu, muna kira ga Majalisar Dokokin Jiha ta yi doka. Tsarin mulki ya ba jihohi ikon yin doka kan kayan tarihin da Tarayya ba ta ayyana a matsayin nata ba, kuma tun gyaran da aka yi a Maris 2023 jihohi sun sami hannu a sha'anin jirgin ƙasa. Dokar ta tanadi rajistar masu na'ura, ta ware wuraren da ba a shiga sam, ta kuma yanka lada bayyananne ga wanda ya kawo rahoto, tare da tabbacin cewa ba za a tsare shi don ya faɗi gaskiya ba. Wakilanmu a Majalisar Tarayya kuma su matsa a sabunta dokar 1979.

Na uku, a kowace sakatariyar ƙaramar hukuma a ɗora wa jami'i guda alhakin karɓar rahoton tsintuwa, a ba shi littafin rajista da rasit. Masu unguwanni da dagatai da hakimai su ne suka fi kowa sanin baƙon da ya shigo da na'ura, don haka a sa su cikin tsarin tun daga tushe. Ma'aikatan ƙasa da safiyo kuma su duba wannan rajista kafin su yanka fili a kusa da tsohuwar tasha.

Na huɗu, duk kwangilar hanya ko madatsa ko layin dogo ta ƙunshi sharaɗin cewa idan katafila ta tono kayan tarihi, a dakata a kira masana. Wannan ya fi zama dole a ƙasar da ke tsakanin Daura da Katsina, inda sabon layi ya bi, domin a yankin ne Durɓi ta Kusheyi take.

Na biyar, a ware ɗaki ko biyu a tashar Funtuwa a mai da su ƙaramin gidan tarihin jirgi da auduga. An yi irin wannan a Ebute Metta ta Ikko, inda aka gyara wani tsohon gidan ma'aikatan reluwe, Gidan Jaekel, ya zama wurin da 'yan makaranta ke zuwa kallo. Idan mai tsintuwa ya san akwai inda za a ajiye abin da ya kawo, a rubuta sunansa a ƙarƙashi, zai fi son ya kai can da ya kai wa mai narkarwa.

Kiranmu na ƙarshe ga ɗalibai ne, musamman na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Kafin kowa ya ɗauki na'ura, ya fara ɗaukar littafi da biro. Har yanzu akwai tsofaffin ma'aikatan reluwe da ke karɓar fansho, akwai dattawan da suka kora jakuna zuwa fuloti, akwai tsofaffin mata da suka sayar da abinci a bakin tasha. Su ne za su nuna inda sikeli ya tsaya da inda leburori suka kwana, kuma kowace shekara suna raguwa. Malamai su ba da irin wannan aiki a matsayin binciken kammala karatu. Idan ta kai ga tono, a yi shi da izini, ƙarƙashin masana irin na sashen binciken kufai na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda na'urar za ta zama ɗaya daga cikin kayan aiki, tare da ma'auni da taswira da rariya.

Wanda kuma ya tsinci wani abu a gona ko a wurin gini, kada ya kankare shi da yashi ko ya wanke shi da ruwan batir. Ya lura da wurin, ya ɗauki hoto da wayarsa, ya sanar da mai unguwa.

Ƙidayar da muka ambata a farko ba ta bukatar sabon kasafi ko jiran sabuwar doka. Mota ɗaya da ma'aikata kaɗan da rani guda sun isa a fara ta. Muna fata hukumomin da abin ya shafa za su sa rana.